Kwalin Ƙwai da Watandar Tonton Lawali

Ku yaran benenmu, musamman kai Nasiru da ke Fati da kuka tare ni a bakin asansar, na'urar hawa bene, kuna cewa in bar muku sana'ata tunda bana zan gama makaranta, ku nemi wuri ku zauna. Na ji abin da kuke faɗa a bayan idona. Wai aikin Balki ba aiki ba ne, zama ne a falon mutane ana shan bisap, wato zoɓo, ana wasa da marfin kwalba. Shekarata goma sha bakwai, amma a sana'ar nan ni tsohuwa ce tukuf. Na ga abubuwan da in na faɗa muku duka sai an kwashe ku zuwa asibiti. Yau kaɗan zan tsakura muku.

Bari in fara da sana'ar kanta, don na lura har iyayenku ba su san me nake yi ba. Inna ta hawa na shida har gobe tana zaton duba nake yi wa mutane. Wanda ya gama digirinsa na farko, a Yamai ne ko a Njamena ko a nan Faransa, in yana son shiga manyan makarantun gaba da digiri, sai ya zauna wata jarrabawa a gaban na'ura. A cikinta akwai lissafi, akwai Faransanci, akwai kuma wani sashe na wasa ƙwaƙwalwa da ake kira lojik. A lojik ɗin ma ni ɓangare ɗaya na riƙe, wato tambayoyin jeri: me aka fi so, me ke bi masa, me ya zo ƙarshe.

Ga ɗaya ta yara, ku gwada. Wata mata ta jera abinci huɗu, daga wanda ta fi so zuwa wanda bai dame ta ba: shinkafa, taliya, dambu, doya. Ta fi son dambu a kan shinkafa. Doya tana bin shinkafa kai tsaye. Taliya ba ita ce ta farko ba, ba ita ce ta ƙarshe ba. Wanne ne na biyu?

Nasiru, na ga bakinka yana motsi. Shinkafa za ka ce, don kai shinkafa ce uwarka da ubanka. To ka faɗi. Doya a bayan shinkafa take kamar goyo, ba a raba su. In ka sa taliya ta uku, uwa da goyo sun haye sama, dambu ya faɗo ƙasa, ka karya doka. Saura wuri ɗaya ke nan: taliya ce ta biyu. Ta jarrabawa kuwa mutum biyar ne ko shida, kowa da nasa jerin, dokoki sun cika shafi, lokacin da ake ba ka bai kai na soya ƙwai ba. Dokar sana'ar kuma ɗaya ce: abin da aka rubuta shi ne duniya. Abin da ka sani daga gida, ka tuɓe shi tare da takalmanka a bakin ƙofa.

Aikina na farko a Bobigny, can gefen Paris, na yi shi, ina shekara goma sha huɗu, kuma ba da niyya ba. Mamata ta tura ni hutu wajen ƙawarta Tanti Zara, 'yar Cadi ce, don ta ce in na ƙara kwana ɗaya a gida ita da ni wani zai bar duniya. Tanti Zara tana aikin ƙididdiga a wani ofis, ran Asabar kuma tana koyar da masu shirin jarrabawa a falonta. Doguwa ce, tana sa gilashi, in ta dube ka ta samansa sai ka tuna zunubin da ka yi kana cikin goyo. Wata Asabar akwai wani ɗan Maraɗi mai gemu a gabanta. Ta yi masa bayani, ta ce, "Ka gane?"

"Na gane, Madam. Sarai."

Ta ba shi tambaya, ya faɗi. Ta sake bayani. "Ka gane?"

"Yanzu kam ya zauna, Madam."

Ya sake faɗi. Ni ina kwance a ƙasa ina cin gyaɗa, bakina ya buɗe da kansa. Na ce masa, yadda muke kiran kawu a nan, "Tonton, wallahi ba ka gane ba."

Mutumin ya juyo ya dube ni kamar kaza ce ta yi magana. Ya ce, "Ke ɗiyar wa ce? Ke kin gane ne?" Na ce ban gane ba, amma ni ban ce na gane ba. Nan ya hau. Ya jawo takarda ya ce zo nan in nuna miki, ya shiga yi mini bayani da faɗa, ina ce masa a'a, yana cewa i, ina cewa to me ya sa wancan ba zai zo na uku ba. Yana cikin kumfar baki sai ya tsaya, ya dubi takardar, ya ce, "Af. Ashe nan ne nake ɓata."

Da ya tafi na tabbata yau kashina ya bushe. Tanti Zara ta cire gilashi ta goge, ta ce, "Ke aku, kin san abin da kika yi? Mutanenmu ba sa iya ce wa babba ban gane ba. Kunya suke ji, gani suke kamar sun ce ban iya koyarwa ba. Shekara da shekaru ina fama da na gane Madam. Amma yaro, kowa zai iya yi masa gardama." Daga ranar ta ɗauke ni. Ita take dasa karatu, ni nake tono inda bai kama ba. To kun ji babban kayan aikina: ƙanƙanta da rashin ta ido. Ku duka kuna da na biyun, na sani.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Duk hutu ina cikin kar, babbar motar safa, daga Lyon zuwa Paris, in sauka in kama metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, har ƙarshen layi. Tanti ta sa ni warware tambayoyi har na fara mafarkin mutane a jere. Daga baya ta sa ni ƙirƙiro nawa, in kuma tambayata ta fito da amsa biyu, sai ta miƙo mini ita da yatsa biyu kamar mushen ɓera. Abin da ya fi komai wuya shi ne riƙe baki. Kana ganin amsa ƙiri-ƙiri, mutum yana zagaya ta kamar makaho a bakin rijiya, an hana ka faɗa. Tanti ta ce duk ranar da na faɗi amsa, na sace wa mutum karatunsa. Sau da yawa sai na cusa gefen gyalena a baki.

Kayan aiki kuwa, kada ku je kantin littattafai. Kwalin ƙwai nake amfani da shi, babba, irin mai layi-layi. Kowane layi mutum ɗaya ne, ramin hagu shi ne abin da ya fi so, na dama na ƙarshe. Marafan kwalba su ne abubuwan da ake jerawa. Amfanin marfi shi ne ana ɗaga shi. Wanda ya rubuta da bik, wato biro, ba ya son sokewa, sai ya yi ta kare kuskurensa kamar ɗan cikinsa, amma marfi ko wane mai girman kai zai iya matsar da shi. Marafan da doka ta ce suna bin juna, ina manne su da cingam. Sai agogon kicin na mamata, mai siffar tumatir, wanda in ya yi ƙara manyan maza suke zabura. Na taɓa ganin wani mai digiri biyu ya watsar da shayi saboda tumatir ɗin nan.

Da hannuna ya faɗa, Tanti ta ce in riƙe mata 'yan Lyon, ita tana duba aikinsu ta waya. Nan unguwarmu ta Minguettes na ga iri-iri. Akwai mai zuwa da littafi ya fi bulo nauyi, bai taɓa buɗe shi ba amma yana shafa shi. Akwai wata Anti daga Garwa da ta ƙi tambaya ɗungum don an ce wani ya fi son kifi a kan nama, ta ce maƙaryaci ne ya rubuta. Akwai wanda kullum sai ya tambaye ni ko mamata ta san ina nan.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da waya ta koyi magana. Kowa ya gano cewa in ya ɗauki hoton tambaya, waya za ta ba shi amsa da bayani, ba ta cin gyaɗar kowa, ba ta ce wa kowa wallahi ba ka gane ba. Ɗalibai suka watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Falon Tanti ya koma wurin shanya. Kwalin ƙwaina ya yi ƙura, har mamata ta zuba masa ƙwai na gaske. Daga baya wasu sun dawo, da suka gano ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya, amma a shekarar ɗalibi ɗaya tak ya rage mini.

Tonton Lawali ne, mutumin Tawa, yana zaune a benen da ke kallon namu da matarsa Anti Mariyama da jaririyarsu. Injiniya ne, ya zo ƙarin karatu, yana ɗan aiki a wani sito. Ban taɓa ganin mai ladabi irinsa ba. In ya shiga asansar sai ya gaishe da madubi. Takardar zamansa ta ɗalibi tana gab da ƙarewa, ba za a sabunta ta ba sai ya nuna wata makaranta ta ɗauke shi. Wata makaranta a nan Lyon ta ce ta yarda da shi, amma da sharaɗin ya kawo maki kaza a jarrabawa. Ya zauna sau ɗaya, makin bai kai ba. Zama ɗaya ya rage kafin makarantar ta rufe ɗauka. In ya kai, suna nan. In bai kai ba, su tattara su koma.

Lissafinsa ba magana. Faransancinsa ya fi na masu ƙasar. Tambayoyin abinci da garuruwa da launuka, yana warware su kafin tumatir ya yi tari. Amma da an jera mutane, sai ya rikice. Na daɗe ban gano dalili ba, sai ranar da na daina kallon takarda na kalli hannunsa.

Tambayar ta ce: abokan cinikin wani kamfani sun jera ma'aikata biyar bisa wanda suka fi son hulɗa da shi. Akwai direkta, akanta, sakatariya, direba da ɗan koyo. Tun bai gama karanta dokoki ba, hannunsa ya ɗauki marfin direkta ya ajiye a ramin farko.

Na ce, "Tonton, wa ya ce direkta ne na farko?"

"A'a, ajiye shi na yi kawai kafin in gani."

"Me ya sa ba ka ajiye shi a ƙarshe kafin ka gani ba?"

Ya dube ni da mamaki. "Haba ɗiyata. A tsaye za a bar shi?"

Doka ta biyu ta ce ƙarara an fi son direba a kan direkta. Ya karanta ta da bakinsa, na ji shi. Amma da agogo ya fara matsa masa, sai idonsa ya juya ta da kansa, direkta ya koma sama. Ba da gangan yake yi ba. Mutum ne da tun yana rarrafe aka koya masa wa ke fara sa hannu a akushi, wa ke zama a kujera, wa ake fara gaisarwa. Kansa ya san tambaya ce kawai, amma hannunsa ɗan gidan mutunci ne.

Na cire muƙamai na sa sunaye zalla. Gérard, Kevin, Léa, Bernard. Ya ɗauki Gérard ya kai sama.

"Tonton, Gérard kuma me ya yi?"

"Ji sunan mana. Wannan dattijo ne. Kevin kuwa yaro ne, ƙila ma yana sa ɗan kunne."

Na ce to mu bar sunaye, marafa kawai. Cikin marafan akwai wani babba na jarkar mai. Kafin a jima na ji yana ce masa Alhaji. Na kira Tanti Zara ina kusan kuka, na ce mutumin nan ko duwatsu aka ba shi sai ya nemo musu hakimi. Ta ce, "Ki daina yaƙi da tarbiyyarsa, ba za ki ci ba. Ki nemo inda tarbiyyar take da ƙofa." Na ce ina ƙofar take? Ta ce da ta sani da ba ta ɗauki aku aiki ba, ta kashe waya.

Wata Lahadi da hantsi na je gidansa da kwalina, ashe na faɗa ranar watanda. Ku da kuke cin nama ba ku san daga ina ya fito ba: magidantan unguwa ne suke haɗa kai su sayi saniya guda wajen mahauci, a kawo ta a yanke, a raba kashi-kashi daidai da yawansu. An shimfiɗa leda a falon Tonton Lawali, an ture kujeru, maza sun zagaye. Shi ne mai rabo, don kowa ya yarda da hannunsa. Ya naɗe hannun riga, yana ɗaga tsoka daga nan ya kai can, yana ƙara ƙashi, yana rage kitse. A kujera ɗaya da aka bari akwai Alhaji Musa na Marwa, wanda ya riga kowa zuwa unguwar nan, wanda in ya yi tari ake cewa sannu daga bene uku.

Da aka gama kasawa, Tonton Lawali ya juya wa jama'a baya ya fuskanci bango. Kowa ya jefa wata alama tasa a cikin hula: wani makulli, wani tsinken sakace, wani maɓallin riga, wani ɗan dutse. Aka miƙa masa hular. Ya juyo, yana ciro alama ɗaya-ɗaya yana ɗorawa a kan kashi, bai kalli fuskar kowa ba. Duk ƙoƙarin mai rabo, akwai kashin da ƙashi ya fi yawa, kowa ya gan shi. Makulli ya sauka a kansa. Alhaji Musa ya miƙa hannu ya ɗauki makullinsa.

Na zuba ido in ga Tonton Lawali ya suma. Ko gezau. Alhaji ya ɗaga wani ƙashi kamar ƙafar tebur ya ce, "Lawali, miya za a sha a gidana har salla ke nan." Aka yi dariya, Tonton ya ce, "Rabo ne, Alhaji," ya ci gaba da ɗaure leda.

Da mutane suka watse na tare shi a bakin kicin yana wanke hannu. Na ce, "Tonton, kai da ba ka iya sa direktan takarda a ƙasan direba, yau ka ba Alhaji Musa ƙashi da ransa da lafiyarsa?"

"Ni ban ba Alhaji komai ba. Makulli na ba."

"Da ka san makullinsa ne fa?"

Ya kashe famfo. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi tauri haka ba. "Ko na sani. A watanda ba babba ba yaro. Kowa ya sa daidai, kowa zai ɗauka daidai. Mai rabon da ya kalli fuska ɓarawo ne, ko da wa ubansa ya kalla."

Anti Mariyama tana jijjiga jaririya a bayanmu ta ce, "A garinsu kawunsa ya yi fushi da shi shekara guda a kan hanta, bai canza ba."

Na zauna a kan bokitin da ke kife a wurin. Na ce, "Tonton, tambayoyin nan duk watanda ce. Direba ya sa daidai da direkta. Dokokin da aka rubuta su ne hula. Kai kuma tun da muka fara kana kallon fuska."

Na ji tsoron na wuce gona da iri. Can ya ce, "Wato direban nan na yi ta cuta."

"Wata da watanni, Tonton. Shi da ɗan koyo. Da Kevin."

"Subhanallahi," ya ce a hankali. Ya goge hannu. "Kawo takarda."

Ranar muka ajiye kwalin ƙwai, don dama ba za a bar shi ya shiga da shi ba. A jarrabawa farar takarda ake ba ka da abin rubutu. Muka tsara masa yadda zai yi. Da ya ga tambayar mutane, kafin komai zai ba kowa alama: tsinke, dutse, makulli, zobe, maɓalli, kowanne ɗan zane mai sauƙi. Ba bisa tsarin da sunayen suka zo ba, a hargitse. Ya juya dokoki ɗaya-ɗaya zuwa alamomin nan. Daga nan ya kawar da kai daga na'ura kamar yadda ya fuskanci bango, ya yi rabonsa a takarda. Sai ya gama zai ɗaga kai ya ga wa ke da dutse. Da farko abin yana cin lokaci, tumatir yana kama shi a tsakiya. Muka yi ta yi, a falonsa, a tashar jirgin tram, har a layin biyan kuɗi na kanti. Wani lokacin hannunsa yana tsayawa a kan wata alama, sai in ce, "Mai rabo, ido a ƙasa." Sai ya yi tsaki ya wuce.

Wuraren zaman jarrabawa na Lyon sun cika, sai a Paris ya samu. Hutu ne, mamata ta bar ni na bi shi. A cikin kar na yi ta jefa masa tambayoyi masu janar da gwamna da limami har wata tsohuwa a kujerar gaba ta juyo ta tambaya ko wani juyin mulki ake shiryawa. Ya sauka wajen wani ɗan garinsu a unguwar Sevran, ni na wuce Bobigny.

Ranar jarrabawa ni da Tanti Zara muka zauna a wani ɗan wurin shan kofi da ke kallon ƙofar ginin. Makin yana fitowa nan take, suna buga maka shi a takarda kafin ka fita. Na sha lemo kwalba bayan kwalba. Na cinye farcena na fara hangen na Tanti. Ita kuwa tana karanta jarida kamar ba ta san kowa ba, sai dai na lura shafi ɗaya take kallo tun zuwanmu.

Can ya fito, takarda a ninke a hannu, yana tafiya a hankali kamar mai raka gawa ko mai raka amarya, ba ka iya ganewa. Ya tsallako titi, ya tsaya a gabanmu, ya ɗan rusuna wa Tanti.

"Madam, ina wuni. Ina gajiya."

"Tonton, makin," na ce.

"Ya jiran? An same ku lafiya? Ya mutanen gida?"

"Tonton, zan mutu a nan, a kai gawata Lyon a kar."

Tanti Zara ba ta amsa gaisuwa ba, karo na farko a tarihi. Ta zare takardar daga hannunsa, ta buɗe, ta duba ta saman gilashi, ta sake dubawa ta cikinsa. Ta ninke ta, ta mayar masa. Ta ce, "Ya kai. Har da ɗan canji."

Abin da na yi a wurin ba zan faɗa ba, amma mai wurin ya fito da tsumma a hannu. Da na dawo hayyacina na tambaye shi ko an kawo tambayar mutane.

"An kawo. Ɗalibai sun jera malamai shida. Akwai wani furofesa a ciki, da gani ka san ya manyanta. Na yi alamomina, na kawar da kai, na raba. Dutse ya zo na ƙarshe. Na sake bi, dutse ne dai. Da na ɗaga kai, ashe dutse shi ne furofesa."

"Sai ka yi me?"

"Na danna amsar mana. Amma na ce masa ya yi haƙuri, rabo ne. Mai tsaron ɗakin ta zo ta ce ba a magana."

Tanti ta ce ya bar surutu ya kira gida. Ya ciro waya ya koma gefe, ya juya mana baya. Muna jin sa ya fara: ina wuni, ina gida, yarinya ta yi barci, zafi fa, maƙwabta lafiya. Daga inda nake zaune ina jin muryar Anti Mariyama tana fitowa daga wayar, siririya, ta katse shi.

"Malam, ka bar gaisuwar nan. Muna nan ko muna tafiya?"

Ya gyara tsayuwa.

"Muna nan," ya ce.